Yadda Za Mu Tare Masu Ba-ni-in-ba-ka Ba Tare da Mun Karya Ƙafar Ɗan Kowa Ba



Zangon karatu na biyu ya kama, kuma kamar yadda aka saba, ba da jimawa ba ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zai fito da jadawalin gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun firamare. Kafin a busa usur na farko, muna so mu ja hankalin abokan aikinmu, musamman waɗanda aka ɗora wa nauyin wasanni a makarantunsu, zuwa ga wata tambaya da takan taso a bakin fili duk shekara, a amsa ta cikin ihu da ɓacin rai, sannan a manta da ita sai wata shekarar. Tambayar ita ce: me za mu ce wa yaranmu idan suka haɗu da ƙungiyar da ta fi su iya miƙa wa juna ƙwallo?

Bara mun gamu da wannan tambaya ido da ido, kuma ba mu amsa ta da kyau ba. Mun kai yaranmu wata makaranta da ke bayan gari. Yaransu ƙanana ne, wasunsu ma ba su da takalmin kirki, amma wani malaminsu ya zauna ya koya musu wasan ba-ni-in-ba-ka. Ƙwallo ba ta daɗewa a ƙafar kowa. Kafin namu ya iso, ta bar wurin. Kafin ya juya, ta koma inda ya baro. Yaranmu suka yi ta bin ta a dunƙule kamar kaji sun ga tsaba, har numfashi ya ƙare musu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura mana 3. A lokacin hutun ne wani daga cikin magoya bayanmu ya kutso cikin da'irar yaran ya ce musu, "In ƙwallo ta wuce, kada mutum ya wuce." Muna tsaye, mun ji, ba mu tsawata ba. A zuciyarmu ma mun so a yi hakan.

Ba a yi minti goma da dawowa ba sai ga ɗan tsakiyarsu, wani ɗan aji biyar wanda shi ne ke raba musu ƙwallo, kwance yana riƙe da idon sawu yana kuka. Babu akwatin magani a filin. A kan babur aka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori, kuma daga baya muka ji ya yi makonni bai leƙa aji ba. Wasan kuwa an cinye mu duk da haka. Yaron da ya yi ƙetar, wanda muke koya wa ladabi da tausayi a aji tun da safe, ya dawo gida da darasin da ya fi ƙarfi a zuciyarsa: idan wani ya fi ka, ka ji masa ciwo, manya za su kau da kai. Mun daɗe muna jin kunyar wannan rana, kuma ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Ra'ayinmu shi ne tsaron gida ilimi ne da ake koyarwa kamar yadda ake koyar da lissafi, mataki bayan mataki, kuma ɗan shekara 10 ko 11 yana iya fahimtarsa sarai idan aka sauƙaƙa masa. Malamin da bai koyar da shi ba, ranar wasa dole ya faɗa ɗaya daga cikin gajerun hanyoyi uku da duk muka sani.

Ta farko ita ce ƙeta, wadda muka riga muka ba da labarinta. Ko a ma'aunin neman nasara kaɗai ba ta da riba, domin kowace ƙeta kusa da gidanmu bugun tazara ce ga abokan karawa, a cikin da'irar gola kuwa bugun fenariti ne. Ballantana a ma'aunin amana: iyaye sun ba mu 'ya'yansu da ƙafafu biyu lafiyayyu, haka kuma iyayen ɗaya makarantar suka ba abokin aikinmu.

Ta biyu ita ce a ce wa yara duk wanda ƙwallo ta zo masa ya narka ta gaba iya ƙarfinsa. Wannan yana kama da mai kwashe ruwa daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Ƙungiyar da ta iya riƙe ƙwallo ba abin da take so kamar a riƙa mayar mata da ita kyauta. Za ta karɓa, ta sake shiryawa, ta dawo. Ga shi kuma wasan sama yana tilasta wa ƙananan yara yawan sa kai ga ƙwallo mai nauyi, alhali tun 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai saboda tsoron illa ga ƙwaƙwalwa.

Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce sojan haya: a ɗauko ɗan sakandare ko wani saurayin unguwa, a aske masa kai, a sa masa rigar makaranta, a ce ɗan aji shida ne. Wannan cuta ta daɗe tana bin ƙwallonmu har sama. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin alfahari ƙwarai, amma zargin ƙaryar shekaru bai taɓa barin wannan rukuni na gasa ba, har hukumar FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 2009 da aka yi a nan ƙasar. A 2016 'yan wasa fiye da 20 na tawagarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi wannan gwaji, kuma Nijar ta fitar da mu daga wasannin share fage. Ƙaryar da ake kamawa a Abuja, a filayen firamare ake fara koyonta, da sa hannun malami. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

To, idan mun rufe waɗannan ƙofofi, me ya rage mana? Sai mu fara da fahimtar abin da masu ba-ni-in-ba-ka suke rayuwa a kansa. Mai ƙwallo yana bukatar abokai biyu a wurare biyu daban, shi na uku, su yi siffar alwatika, kamar duwatsun murhu. Yana bukatar hanya buɗaɗɗiya tsakaninsa da su, yana kuma bukatar ɗan lokaci da zai ɗaga kai ya duba. Tukunya ba ta zama a kan murhun da aka janye wa dutse ɗaya. Kuskuren yaranmu na bara shi ne sun yi tsere da ƙwallon kanta, alhali babu yaron da ya kai ƙwallo gudu. Abin da ake iya tarewa shi ne hanyar da za ta bi da filin da za ta sauka.

Darasi na farko ke nan: a matse. Idan ƙwallo tana hannun abokan karawa, 'yan baya su matso gaba kaɗan, 'yan gaba su dawo baya, na gefe su shigo ciki, ƙungiya ta zama curi guda mai motsi tare, ta karkata duk inda ƙwallo ta karkata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya fi shahara da wannan koyarwa shi ne Arrigo Sacchi, kocin AC Milan ta Italiya da ya ɗauki kofin zakarun Turai a 1989 da 1990. Yakan nemi kada tazarar da ke tsakanin ɗan bayansa na ƙarshe da ɗan gabansa na farko ta wuce kamar mita 25 idan suna tsaro. Ya kamata labarinsa ya ƙarfafa mana gwiwa, domin bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba. Takalma yake sayarwa kafin ya zama koci. Da karantarwa da maimaitawa ya kai inda ya kai, kuma wannan sana'armu ce. An san shi da wani atisaye inda yakan tsayar da mutum biyar masu tsari, gola da 'yan baya huɗu, ya sako musu mutum goma marasa tsari, domin ya nuna wa taurarinsa cewa tsari ya fi yawa. Ga yaranmu ba sai mun ambaci mita ba. Ya isa mu ce wa kowane yaro: kada ka yi nisa da abokinka har ya zama sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka.

Darasi na biyu shi ne rabon aiki a kusa da ƙwallo. Mutum ɗaya ne yake zuwa wa mai ƙwallo, wato wanda ya fi kusa da shi. Ya taho da sauri, amma idan ya rage taku biyu ya rage gudu, ya ɗan durƙusa, ya karkata jikinsa, ya zuba wa ƙwallo ido. Aikinsa shi ne ya jinkirta, ya hana mai ƙwallo ɗaga kai. Kada ya zube ƙasa, kada ya miƙa ƙafa da garaje, domin wanda ya zube ya fita daga wasa har sai ya tashi, kuma daga irin wannan zubewa ake samun karaya. Na biyu ya tsaya a bayansa ta gefe, taku kaɗan, domin in an yanke na farko a tarar da shi. Sauran kuma su lura da masu shigowa ta ɗaya ɓangaren. Da ƙwallo ta koma wani wuri sai aikin ya juya: wanda ya tare ya koma mai rufa baya, mai rufa baya ya zama mai tarewa. Yara suna kama wannan da wuri idan aka ba su kalmomi gajeru da za su riƙa kira, kamar "nawa ne" da "ina bayanka".

Darasi na uku shi ne a toshe tsakiya a bar gefe. Raga a tsakiya take, don haka ƙwallon da ta ratsa ta tsakiyarmu ta fi haɗari. A gefe kuwa layi yana taya mu tsaro, domin mai ƙwallo a can ba shi da inda zai bi ta ɓangare guda. Saboda haka mai tarewa ya tsaya ta yadda zai rufe hanyar ciki ya tura mai ƙwallo waje. A nan ne muke koya wa yara abin da muke kira inuwa: ka tsaya a kan layin da ke tsakanin mai ƙwallo da wanda yake son ba wa, ka sa shi a inuwarka. Yaro ɗaya da ya iya tsayuwa yana tsare mutum biyu ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Idan abokan karawa suna ta yawo da ƙwallo a can bayansu, daga hagu zuwa dama, a bar su. Ba a rubuta yawan miƙe-miƙe a allon sakamako.

Darasi na huɗu shi ne sanin lokacin da ake afkawa. Haƙuri ba ya nufin a tsaya kallo har a tashi. Akwai alamomin da idan yara suka gan su sai su rufa tare, mutum biyu ko uku a lokaci guda: idan ƙwallo ta subuce wa mai karɓa ta yi nisa da ƙafarsa, idan ya karɓa yana kallon gidansu ya ba mu baya, idan aka miƙo ta a hankali, idan ta zo masa ta ƙafar da bai iya ba, ko idan ya maƙale a bakin layi. Filayenmu ma suna taimakon mai tsaro. A kan yashi ƙwallo takan mutu kafin ta isa, a kan tsandauri mai tsakuwa takan yi tsalle ba zato. Ƙungiyar da ta zauna kusa da juna ita ce za ta tsinci waɗannan kurakurai. Sharaɗin kawai shi ne a tafi tare. Yaro ɗaya da ya ruga shi kaɗai ya buɗe rami a bayansa, kuma ramin nan shi masu ba-ni-in-ba-ka suke jira tun farko.

Darasi na biyar ya shafi irin yaron nan da aka ji wa ciwo bara. Kusan kowace ƙungiya mai raba ƙwallo tana da mutum guda a tsakiya wanda komai ke bi ta kansa. Magoya bayanmu sun gane haka, shi ya sa aka nufe shi. Amma akwai hanyar fitar da shi daga wasa ba tare da an fitar da shi daga fili ba: a sa ɗan gabanmu ya dawo ya tsaya a gabansa, ya sa shi a inuwa, duk inda ya matsa ya matsa. Ƙwallon da ba ta iso shi ba, ba zai raba ta ba.

Wanda yake ganin wannan zance ne na takarda, ya tuna daren 6 ga Disamba, 2022, a Katar, lokacin da Maroko ta haɗu da Sifaniya a zagaye na 16 na gasar cin kofin duniya. Da yawanmu mun kalli wasan a gidajen kallo. Sifaniya ta miƙa ƙwallo fiye da sau 1,000 a cikin minti 120, ba ta ci ko ɗaya ba. Koci Walid Regragui ya jera 'yan baya huɗu, Sofyan Amrabat a gabansu yana toshe tsakiya, wasu huɗu a gabansa, sannan Youssef En-Nesyri a can gaba yana tare hanyar da ke zuwa ga Sergio Busquets, mai raba wa Sifaniya ƙwallo. Aka tashi babu ci, Maroko ta yi nasara 3 da nema a bugun fenariti. Kafin ta kai wasan kusa da na ƙarshe, matakin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa kafin ita, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarta, ita ma ɗan bayanta ne ya ci gida a wasansu da Kanada. Haka kuma a 2010, Inter Milan ta José Mourinho ta je gidan Barcelona ta Pep Guardiola da nasarar 3 da 1 daga wasan farko. Aka ba Thiago Motta jan kati kafin a cika rabin sa'a, suka rage su goma. Samuel Eto'o na Kamaru, ɗan gaba mai suna a duniya, ya dawo ya yi aikin ɗan baya na gefe. An ci su 1 da nema, amma su suka wuce da jimillar 3 da 2, suka kuma ɗauki kofin. Idan Eto'o bai ji kunyar tsaron gida ba, ɗan gabanmu na aji shida ba shi da hujjar tsayawa a tsakiyar fili hannu a ƙugu.

Darasi na shida shi ne abin da ake yi da ƙwallo bayan an ƙwace ta, kuma a nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ƙungiyar da ke kai hari da mutane da yawa takan bar bayanta a buɗe, kuma a daidai lokacin da ta rasa ƙwallo ne ta fi rauni. Yaron da ya ƙwace ya ɗaga kai tukuna. In akwai abokinsa a gaba da fili, ya ba shi nan take, biyu ko uku su bi da gudu, sauran su matso su riƙe tsari. In babu, ya ba na kusa da shi, a riƙe ta, a huta da ita. Wannan yana nuna cewa ba za mu iya tare masu miƙa ƙwallo ba sai namu yaran ma sun koyi miƙawa. Ƙwacewar da aka mayar nan da nan wahalar banza ce.

Akwai ƙananan abubuwa biyu na doka da ya kamata kowane malamin wasanni ya sani. Tun 2019 aka sauya dokar bugun gola: ƙwallo ta shiga wasa da zarar an buga ta ta motsa, ba sai ta fita daga babbar da'ira ba, don haka abokan gola suna iya karɓa a cikin da'irar, su kuwa abokan karawa dole su tsaya a waje har sai an buga. Masu ba-ni-in-ba-ka daga nan suke faro ginin su, saboda haka tun kafin wasa a gaya wa yara ko za su jira su a tsakiyar fili ne ko za su matsa musu tun daga can. Na biyu, kada mu koya wa yara tarkon satar gida. A gasarmu sau da yawa alƙalin wasa ɗaya ne, babu masu ɗaga tuta, kuma tarkon da ba mai ganinsa kanmu zai kama. Gara a koya wa gola ya riƙa magana, domin shi kaɗai yake ganin fili duka a gabansa.

Mun san akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu yana da nauyi. Wani abokin aiki zai ce: wannan ai koya wa yara tsoro ne, a tara su goma a bakin raga a hana wasa daɗi, alhali a shekarunsu abin da suke bukata shi ne su taɓa ƙwallo su sake. Mun yarda da rabin maganarsa. Malamin da ya jibge yara a bakin raga daga farko har ƙarshe don ya tsira da canjaras ya cuce su, ko da ya ɗauki kofi. Misalan Maroko da Inter na manya ne masu neman abinci da ƙwallo, kuma abin da muke ɗauka daga gare su shi ne tsari da haɗin kai. Ana iya matsewa a tsakiyar fili, ana ma iya matsewa a gidan abokan karawa. Bayern Munich ta Jamus ta fitar da Barcelona a 2013 da jimillar 7 da nema, kuma ba a bakin ragarta ta kwana ba. Yaron da ya san inda zai tsaya da lokacin da zai afka ya fi samun ƙwallo a ƙafarsa fiye da wanda ke bin ta a banza, kuma tunanin da yake yi a fili, na auna tazara da hango abin da zai faru, irin tunanin da muke nema daga gare shi a aji ne.

Wani kuma zai ce ba mu da lokaci, ba mu da kaya: ƙwallo ɗaya ce a makaranta, ita ma an yi mata faci, ga aji mai yara fiye da ƙima, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Gaskiya ne, a cikinsa muke. Amma atisayen da ake bukata ba ya cin kuɗi. A zana murabba'i da toka ko a jera duwatsu, taku goma kowane gefe. Yara huɗu a gefuna suna miƙa wa juna, biyu a ciki suna tarewa, ɗaya ya je wa ƙwallo, ɗaya ya tsare tsakiya kada ta ratsa tsakaninsu. Wanda aka ƙwace a ƙafarsa ya shiga ciki. Wannan wasa guda yana koyar da miƙawa da tarewa a lokaci ɗaya. Sai na biyu: a ba 'yan baya huɗu doguwar igiya su riƙe, taku bakwai ko takwas tsakanin kowane biyu, malami ya riƙa yawo da ƙwallo a hannu daga dama zuwa hagu, su kuma su bi shi ba tare da igiyar ta ja ƙasa ko ta fizge ba. Na uku shi ne na Sacchi, a rage shi daidai yara: gola da huɗu masu tsari, a sako musu shida ko bakwai, a ƙirga minti nawa za su riƙe. Minti 20 sau biyu a mako, da sassafe ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, da bokitin ruwan sha a gefe, ya isa a ga canji kafin gasa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai maganar hutun rabin lokaci, inda muka yi namu kuskuren. Da'irar yara a wannan lokaci aji ce, kuma ba ma barin ɗan kallo ya shigo mana aji ya karɓi alli. A zaunar da su a inuwa, su sha ruwa, a tambaye su ta ina ake shigo mana, domin sau da yawa sun gani. Sannan a ba su gyara ɗaya ko biyu kawai. Yaron da aka ci 3 ba ya ɗaukar lacca, kuma zagi ba ya ƙara masa komai sai rawar ƙafa.

Kada kuma mu yaudari kanmu: duk wannan ba ya tabbatar da nasara. Suwizalan ta doke Sifaniya 1 da nema a wasansu na farko a gasar duniya ta 2010, amma Sifaniya ce ta tafi da kofin. Maroko ma Faransa ta cire ta da 2 da nema. Wata rana yaranmu za su yi komai daidai a cinye su, saboda waɗancan sun fi su. Ranar nan aikinmu shi ne mu jera su su gaisa da abokan karawa, mu kuma mu je mu sami malamin da ya horar da su mu tambaye shi yadda ya yi. Abokin aikinmu ne, katin ƙungiya ɗaya muke riƙe da shi.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshenmu su ɗauki waɗannan batutuwa zuwa ofishin sakataren ilimi kafin a fitar da jadawali. A tantance kowane ɗan wasa da rajistar shiga makaranta da ta kiran suna, shugaban makaranta ya sa hannu, kuma makarantar da aka kama da sojan haya a cire ta daga gasar shekarar. A rage fili da yawan 'yan wasa daidai shekarun yara. A Ingila an daɗe ana sa ƙananan yara su buga bakwai-bakwai ko tara-tara, a ƙaramin fili, alhali mu muna sakin ɗan aji huɗu a filin manya mai tsawon mita 100. A yi amfani da ƙwallo mai lamba 4 maimakon ta manya. Kada a busa usur a filin da babu akwatin taimakon gaggawa da ruwan sha. A umarci alƙalan wasa su hukunta ƙeta tun ta farko, kuma malamin da aka ji yana umartar yara da ita ya amsa tambaya a gaban kwamiti. A ware kuɗin mota da na ruwa, domin bai dace malamin wasanni ya ci gaba da biya daga aljihunsa ba. A ƙarshe, reshe ya shirya bita ta yini ɗaya, inda 'yan'uwanmu da suka karanci ilimin motsa jiki a kwalejin ilimi za su nuna wa sauranmu waɗannan atisaye a fili. Muna da su a cikinmu, ba sai an ɗauko kowa daga nesa ba.

Mun riga mun nemi gafarar abokin aikinmu na waccan makaranta, mun kuma je mun duba yaron, ya warke ya koma fili. Bana idan jadawali ya sake haɗa mu da su, za mu je da igiyarmu da tokarmu da abin da muka koya, kuma duk wanda ya kutso da'irar yaranmu da waccan magana za mu mayar da shi bayan layi. Muna fatan kowace makaranta a wannan reshe za ta yi haka.

Allah Ya raya mana yaranmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu a aji da fili. Wassalam.